Kogin Garinmu Ya Fi Naku

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na goyo baƙo a babur na kai shi ganin kogin garinmu ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekaru sun ja, masaƙar da muka yi wa aiki ta daɗe da rufewa, ciyawa ta cinye harabarta, amma har yau in na ga shuɗin ruwa yana bin kwata sai in ji jikina ya yi sanyi.

A lokacin ina aiki a wata masaƙar atamfa a Challawa, zamanin da injuna ba sa hutawa, in an tashi daga aiki kekuna su cika titi har mota ta rasa hanya. A ƙauyenmu kowa Akawu yake ce mini. Ni na raɗa wa kaina sunan, ba wani ba. Gaskiyar magana kuwa a sashen rini nake, aikina kuma bai wuce wannan ba: in an gama rina yadi, in zagaya bayan gini in murɗa wani ƙarfe mai kama da sitiyarin mota, ruwan rinin da aka gama da shi ya bi bututu ya fice. Ina yake zuwa? Ban taɓa tambaya ba. (Na sani sarai, ai ba daga sama na faɗo ba. Tambayar ce dai ban yi ba.) Kullum da biro uku a aljihun rigata, biyu ko tawada babu, ina yawo da su don a san da ɗan boko ake magana.

Makanikin da ke kula da injunan rinin wani ɗan gajeren mutum ne mai sanyin murya, sunansa Adikari. Masu masaƙar ne suka taho da shi, don haka kowa Ba'indiye yake ce masa, shi kuwa ba ya gajiya da gyara mana: "Ni ba Indiya ba. Nepal." Mu ce to, gobe mu sake. Ya koyi Hausa a teburin mai shayi, irin Hausar nan da namiji ke komawa mace a tsakiyar zance, amma ana ganewa. Da rana in an tashi cin abinci mukan zauna tare a gindin wata dalbejiya, ni da ƙosai ko ɗan wake, shi da shinkafa da miyar wake a ɗan kwanon samira mai hawa uku.

A gindin dalbejiyar nan ya fara nuna mini hoton garinsu. Hoto ne guda ɗaya tal, duk ya koɗe don yawan dubawa. Sunan garin ya fi ƙarfin harshena, ba zan ma gwada ba. Ɗan ƙaramin gari ne a gindin dutse, daidai inda koguna biyu suka haɗu. Ya ɗora yatsa ya ce ga gadar igiyar ƙarfe, in kana tafiya a kai tana lilo. Ga makarantar da ya yi, ga ɗakin shan magani, ga gidan waya mai ma'aikaci ɗaya, ga wurin bautarsu a bakin ruwa, inda mutane ke zuwa daga nesa su yi wanka a mahaɗar kogin. Ga gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin dutse kamar matakala. Ya ce in damina ta faɗi mata kan jeru cikin taɓo suna dashen shinkafa suna waƙa, in an girbe a zuba masara da gero, da sanyi kuma lemo ya nuna har rassa su karye. Ya ce ruwan kogin ne ke juya musu dutsen niƙa. Ya ce da ɓauna suke huɗa, har nononta suke sha. Nan dai na ce a raina mutumin nan ya fara zuƙi-ta-malle, don ɓaunar da na sani ko maharbi sai ya shirya yake tunkararta.

Sai ya nuna wani ɗigo a gefen hoton, ya ce, "Gonar babana."

Mutumin kirki zai ce masha Allah ya yi shiru. Ni kuwa sai wani banzan kishi ya taso mini. Yaya za a yi mutum ya zo daga bayan duniya ya fi ni gari? Na gyara zama na ce, "Ai wannan wasan yara ne. Ka je garinmu ka ga kogi."

Garinmu ɗan ƙauye ne a gaɓar kogin Challawa, can ƙasa da masana'antu, tafiyar da mai keke zai yi kafin rana ta take. Daga ranar nan kullum sai na ƙara masa gini. Ya ce suna da gada, na ce tamu ta siminti ce, lori biyu kan wuce a jere. (Kwalekwale ɗaya gare mu, shi ma sai ana kwarfe ruwa da ƙoƙo.) Ya ce ɗakin shan magani, na ce mu asibiti gare mu. (Wanzami ne.) Makarantarmu mai aji biyu da iska ta yaye wa kwano na mayar da ita sakandare. Gidan wayarmu kuwa direban motar da ke kai tumatir kasuwa ne, in ya ga dama ya ba da wasiƙa, in bai ga dama ba ya goge hannu da ita. Adikari ya yi ta gyaɗa kai, idonsa na haske, yana cewa, "Garinka mai kyau, abokina."

Abu ɗaya ne cikin duk surutun nan ban yi ƙarya ba. Na ce masa ruwan koginmu garai-garai yake, ka jefa kwabo ka hango shi a ƙasa. Na ce muna kama tarwaɗa da karfasa da hannu, na ce lambun mahaifina yana bakin ruwa, albasarsa sai an riƙe da hannu biyu. Haka na san shi ina yaro. Abin da ban gaya masa ba shi ne na shekara huɗu ban taka bakin kogin ba. Ina zuwa gida da sallah, ba na fashi. Sai dai in isa bayan an sauko Idi, in zauna a zaure ina duba agogo don a ga ina da shi, kafin la'asar na kama hanyar Na'ibawa inda nake haya. Sauka bakin kogi kuwa ba zai yiwu ba, saboda akwai taɓo, ni kuma ina da farin takalmi sau-ciki. Wata sallar Baba ya taɓa ce mini, "Ruwan nan fa ya canja." Na ce, "Ai Baba zamani ne, komai canjawa yake," na ci gaba da kallon agogo.

Ana nan, cikin tsananin zafin bazara, aka bugo wa Adikari waya daga gida. Mahaifinsa ya rasu. Kafin saƙon ya iso an riga an yi jana'iza, tafiya kuma ba ta yiwu masa ba. Kwana da kwanaki bai zo aiki ba. Da na je masa ta'aziyya a gidajen ma'aikata na Bompai, da ƙyar na gane shi. Ya aske kansa ƙwal, ya ɗaura farin ƙyalle, ya rame, ya ce sau ɗaya yake cin abinci a yini, shi ma babu gishiri. Ya ce a al'adarsu ɗa ne ke sallamar uba, kuma shi kaɗai ne namiji. Kafin kwanakin makoki su cika dole ya shiga kogi ya yi wanka, ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya zuba da sunan mahaifinsa. Ba ruwan famfo ba, ba na rijiya ba, ruwa mai gudu.

"Babu malaminmu a nan," in ji shi. "Zan yi abin da na tuna. Saura Lahadi kawai. Abokina, kai ni koginka."

Ni ba addinina ba ne, ban kuma fahimci rabin abin da ya faɗa ba. Amma na ga idon mutum ya yi ja don kuka, ga shi kuma ni na cika baki wata da watanni. Na ce, "Haba, wannan ai ƙaramin abu ne." Duk fargabata a lokacin gada ce da asibiti. Ko sau ɗaya ban kawo kogin a raina ba.

Ranar Lahadi da hantsi na goyo shi. Ya ce a kwanakin nan ba a taɓa jikinsa, don haka ya zauna can ƙarshen kujera ya riƙe ƙarfen baya, da ɗan ƙunshinsa na shinkafa da riɗi a cinya. Muka ratsa gari, muka bi titin Zariya ta Na'ibawa, mutane na bin mu da kallo. Ni kuwa na sha farar shadda da farin takalmina, ina ta shirya ƙaryar da zan rufe wata ƙaryar da ita. Da muka shiga ƙauye ya fara waige-waige, na yi maza na ce asibitin yana can ɗaya unguwar. Muka wuce makaranta, awaki na kwance a aji, na ce wannan tsohuwar ce. Ina jin ma bai ji ni ba, hankalinsa na wani wuri.

Muka tarar da Baba a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. (Ni ɗan fari ne, don haka tunda nake bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "yaron nan", in kuma ya so tsokana ya ce Akawu.) Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayanin baƙo a gurguje, na tsallake wuraren da na ga za su yi wuyar bayani. Baba ya dubi Adikari ya ce, "Ashe rashi aka yi. Sannu. Allah ya ba da haƙuri."

Adikari ya haɗa tafin hannuwansa ya sunkuya. To shi mutum ne mai ladabi, ya ga ya kamata ya yaba wa uba ɗansa. Sai ya ce, "Baba, yaronka mai kirki sosai. Aiki sosai. Shi ne tana buɗe ruwan rini kullum-kullum, ba ta makara ko rana ɗaya."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Yana nufin ni ke rubuta..."

Baba bai dube ni ba. Ya buga ƙotar a ƙasa sau biyu don ta zauna, ya ce, "To, madalla." Ya saɓa fartanyar ya ce mu je.

Tun kafin mu kai gangare wari ya tare mu, irin warin da na sani kamar sunana, warin bayan ginin da nake aiki. Lambunan da na bari kore shar sun koma fili, sai 'yan kunyoyi nan da can. Na Baba yana nan, amma ganyen tumatirin ya murɗe ya ƙone a baki-baki, albasar kuwa ko ƙwan zabo ta fi ta girma. Muka ɓullo bakin gaɓa.

Kogin ya janye saboda rani, ya bar yashi mai faɗi, sai wani siririn ruwa ke tafiya a tsakiya. Shuɗi ne. Ba shuɗin da sama ke yi wa ruwa ba, shuɗin atamfa, mai duhu, da kumfa fari-fari a gefe, da wani maiƙo yana ƙyalli a sama. Duwatsun da muke zama mu yi wanka muna yara duk sun rine. Kwalekwalenmu yana kife a kan yashi, cikinsa ya yi zobe-zobe kala-kala, kore a kan ja, ja a kan shuɗi.

Adikari ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Wannan na ranar Alhamis ne." Shi ya gyara injin ranar Alhamis ɗin da aka fara rina wannan launi, kafin a kawo masa saƙon mutuwa. Ni kuma na ci gaba da murɗa sitiyarin kullum tun daga ranar.

Baba ya ce, "Mu nan ba sai an gaya mana atamfar da za ta fito kasuwa ba. Wancan watan kore kuka yi, kafin shi ja. Matan gari har canka suke yi." Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. "Akawu, ka ɗauka ban sani ba ne? Shekara huɗu kana miƙo mini hannu da sallah. Wane irin biro ne ke rina farce goma?"

Na dunƙule hannuwana na cusa a aljihu, kamar yanzu ne za a fara gani. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Na buɗe baki in ce wani abu, sai na ji kaina ina cewa, "Ai da can ba haka yake ba." Ka ji maganar banza. Su wa zan gaya wa? Mutumin da ya tsufa a bakin ruwan, ko wanda ya taho da ƙunshin shinkafa don ya sallami ubansa?

Adikari ya tsuguna a kan yashi, ya ajiye ƙunshin a gabansa, ya rufe fuska da hannu. Ba ya kuka da sauti, kafaɗunsa ne kawai ke rawa. Ranar ce ta ƙarshe, rana ta riga ta yi sama, ba mu san wani kogin da za mu kai kafin ta faɗi ba. Ni na kawo shi nan da bakina. Duk ƙaryar da na shara masa ba wadda ta cuce shi, gaskiya ɗayar da na faɗa ce ta karya shi, don ta ruɓe tun tuni ban leƙa ba.

Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Me ya ce yana bukata?"

Na ce, "Ruwa mai gudu, Baba. Mai tsabta."

"Mai yawa?"

Na tambayi Adikari. Ya girgiza kai, ya nuna tafin hannunsa.

Baba ya gyara fartanyar a kafaɗa. Ya yi gaba cikin yashi, nesa da shuɗin ruwan, can wajen wata gaɓa da ke ƙarƙashin bishiyar giyayya, muka bi shi. Nan na ga ramuka birjik, ashe a nan mutanen garinmu suke samun na sha yanzu: a tona yashi a jira ruwa ya tsattsafo. Ya zaɓi wuri mai ɗan tudu da ba a taɓa ba, ya naɗe hannun riga ya fara tono. Dattijo mai furfura yana haƙa, ni ɗansa ina tsaye da farar shadda. Da kunya ta ishe ni na ce, "Baba ku kawo in karɓa." Ya ce, "A'a, kar ka ɓata takalmi."

Ya haƙa har gwiwa. Ruwa ya fara taruwa, da fari gurɓatacce, ya kwarfe da hannu ya zubar, ya sake jira, har ya kwanta ya yi fari tas. Sannan ya ja 'yar siririyar hanya da bakin fartanya daga ramin zuwa gangare, irin wadda yake ja wa kunyar albasa. Ruwan ya bi ta, siriri kamar igiyar guga, yana tafiya.

"Gaya masa ga shi nan yana gudu," in ji Baba. "Daga ƙarƙashin kogin ya fito, kogin ne. In Allah ya so zai kai inda za shi."

Na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, kun san fa ba irin addininmu ba ne."

Ya ce, "Ni ban san addininsa ba. Maraya dai na gani." Ya juya baya ya fuskanci lambunsa don kada ya takura wa baƙo, ni ma na juya.

Muna jin motsin ruwa a bayanmu, da muryar Adikari yana faɗin wasu kalmomi da harshensu, yana yi muryar na karyewa. Mun fi rabin awa a haka, ni da Baba kafaɗa da kafaɗa. Ban taɓa daɗewa a tsaye kusa da shi haka ba tun ina yaro. Ina so in ce ya yafe mini, na rasa ta inda zan fara. Da na sunkuyar da kai sai na ga ashe cikin taɓo nake tsaye, farin takalmin nan ya nutse har idon sawu, gefensa ya yi shuɗi.

Da Adikari ya gama ya zo gaban Baba ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa yashi. Baba ya yi ta cewa, "A'a, a'a, tashi, ba a yi wa mutum haka." Ya cire albasa huɗu, 'yan ƙanana, mafi kyawun da ya samu, ya ba shi. Da za mu hau babur Baba ya ce mini, ba da faɗa ba, kamar mai tambayar labarin kasuwa, "Gobe wane launi za ku aiko mana?"

Na tayar da babur. Amma na sani, ja ne.

Zan so in ce muku washegari na ajiye aikin. Ban ajiye ba. Ina da mata da jariri a ɗakin haya, kuma in na bari kafin azahar wani ya karɓa. Ranar Litinin na zagaya bayan gini na murɗa sitiyarin kamar kullum, sai dai a ranar na tsaya na bi ruwan da ido har ya shige bututu. Biron nan uku kuwa na cire su daga aljihu, ban sake sa su ba. Iyakar jarumtar da na iya ke nan.

Adikari bai taɓa tayar da zancen gada ko asibiti ba, wannan ya fi mini ciwo fiye da a ce ya yi mini dariya. Mun ci gaba da zama a gindin dalbejiya, amma bai ƙara fito da hoton ba, ni ma ban ƙara cewa garinmu ba. Da wa'adin aikinsa ya cika zai koma gida, ya ce in gaida Baba, in gaya masa in ya isa mahaɗar kogin nan zai ɗebi ruwa ya tuna da shi. Na kai saƙon. Baba ya ce, "Allah sarki. Ashe su nasu yana nan." Damina biyu bayan haka ya daina lambu, bai kuma daɗe ba ya rasu. Ruwan da aka yi masa wanka da shi daga ramin yashi aka ɗebo.

Yanzu in na ji yaro a cikin mota yana kurara garinsu, yana cewa ba kamarsa a duniya, ba na musa masa, don na san daɗin abin. Takalminsa kawai nake kallo. In na gan shi fari fes, sai in ce, "Samari, yaushe rabonka da sauka bakin kogi?"